Garin Neman Gira: Kwalaben Ɓare Fata da Iyakar Jibiya

Ranar wanka, in ji masu iya magana, ba a ɓoyon cibi. Mun daɗe muna ganin wannan abu a ɗakunan kwananmu, da ofisoshin da yayyenmu ke aiki, da gidajen biki, muna kawar da kai kamar ba mu gani ba, domin kowa na gudun kada a ce ya taɓa ƙanwar wani ko budurwar wani. To, kunyar ta isa haka. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami kuwa ba a littafi muka karanta shi ba, da idonmu muka gan shi.

A wani hutu mu huɗu muka tafi Jibiya bikin ƙanwar ɗaya daga cikinmu. Yarinya ce wankan tarwaɗa, ba abin da ke fuskarta sai ɗan tabon ƙuraje uku ko huɗu a kumatu, irin wanda kowace budurwa ke da shi. Ana saura mako biyu ɗaurin aure aka kai ta gidan wata mai gyaran jiki don a cire tabon, a kuma sa fata ta yi laushi. Matar ta shafa mata wani mai rawaya daga kwalbar da ba suna, ba kwanan wata, ba sunan wanda ya haɗa. Bayan kwana uku fata ta soma saɓa kamar ta maciji, ta ƙarƙashi ta fito jawur, mata suka yi ta guɗa suna cewa aiki ya yi kyau. Ran da muka isa, goshi da kumatu sun rine kamar gindin tukunya, wuya yana tsattsafo da ruwa, amarya ba ta iya ɗaura ɗankwali sai da hawaye. Da aka kai ta asibiti a Katsina, likita bai yi dogon Turanci ba. Ya ce ƙuna ce, irin wadda ruwan batir ke yi.

Da dangi suka tambayi mai gyaran jikin inda ta samo man, sai ta ce, cike da alfahari, ai kayan Maraɗi ne, ta Magama aka shigo da shi. Abin dariya, abin kuka: abokan karatunmu 'yan Nijar sun shaida mana cewa a can Maraɗi in mai sayarwa na so ya yabi irin wannan kwalba, sai ya ce kayan Kano ne. Watau kowane ɓangare na iyaka yana kafa hujja da ɗayan, ba kuwa wanda ya san abin da ke cikin kwalbar.

Kada a ce mun yi wa ilmi butulci. Gyaran fata ta hanyar ɓare samanta aikin likita ne na gaskiya, ba tsubbu ba ne. Fatar ɗan Adam hawa-hawa take: akwai ta sama, siririya, wadda ke sabunta kanta kusan kowane wata, sa'an nan akwai ta ƙarƙashinta mai kauri, inda hanyoyin jini da saiwar gashi suke. Abin da likita ke yi shi ne ya ji wa ta saman rauni da gangan, amma da awo, don jiki ya toho da sabuwa a madadin mai tabo. Yakan yi haka da asid mai sauƙi kamar gilaikolik, wanda asalinsa daga rake ne, ko da wani mai ƙarfi da ake taƙaita sunansa TCA, ko ya goge fatar da na'ura kamar yadda kafinta ke goge katako, hanyar da wani likita a New York, Abner Kurtin, ya yaɗa tun 1953, ko kuwa ya yi amfani da hasken leza. Duk sirrin aikin yana ga awo: ƙarfin asid nawa, minti nawa zai zauna, zurfin ina zai tsaya, da me za a kashe kaifinsa in lokaci ya yi. Mafi zurfinsu, wanda ake yi da sinadarin finol, yana iya rikita bugun zuciya, shi ya sa ba a yin sa sai da na'urar lura da zuciya a kusa. A watan Yuni na 2024 wani saurayi ya mutu a birnin Sao Paulo na ƙasar Brazil bayan an yi masa wannan aiki a shagon gyaran jiki, har hukumar lafiya ta ƙasar ta dakatar da amfani da finol wajen kwalliya. A watan Yuli na wannan shekara ta 2024 ita ma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta gargaɗi jama'a kada su sayi asid ɗin ɓare fata su shafa da kansu ba tare da kulawar ƙwararre ba. In waɗanda suka ƙirƙiro abin suna tsoronsa haka, mu ina muka samo ƙarfin halin zuba shi a kwalbar lemo?

Ga kuma abin da masu talla ba su taɓa faɗa wa kowa. Baƙar fata ba ta karɓar rauni yadda farar fata ke karɓa. A gindin fatar sama akwai ƙwayoyin halitta masu yin launin da ake kira melanin, wanda shi ne laimar da ke kāre mu daga rana. Yawan waɗannan ƙwayoyi kusan ɗaya ne a jikin Bature da na Bahaushe; bambancin shi ne namu sun fi ƙwazo. Duk sa'ad da fata ta ji ciwo, ko ƙurji ne, ko ƙuna, ko susa, sai su zubo launi fiye da kima a wurin. Wannan ne asalin baƙin tabon da ƙurajen fuska ke bari. To, ku duba wautar: an zo cire ɗan tabon da ƙaramin rauni ya haifar, sai aka ji wa fuska duka babban rauni, aka kuma zauna ana jiran fata ta yi wani abu dabam da wanda ta saba yi. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago. Bayan wannan, mu ne muka fi kowa saurin yin tabo mai tudu, wanda ke ci gaba da girma bayan ciwo ya warke, irin wanda mukan gani a kunnen da aka huda ko ƙirjin da aka tsaga. Kai, ma'aunin da likitoci ke rarraba fata da shi ma, wanda Thomas Fitzpatrick na Jami'ar Harvard ya tsara a 1975, da fararen fata ya fara. Sai daga baya aka ƙara rukunin masu duhu irinmu. Likitan da ya san aikinsa yakan yi wa baƙar fata ɓarewa mai sauƙi ƙwarai, a hankali, bayan ya gwada a ɗan wuri, ya kuma hana mutum shiga rana na makonni. A ina 'yar Jibiya za ta ɓuya wa rana, a garin da zafin bazara kan haura digiri 40?

Daga nan ne cinikin gaske ke farawa. In fuska ta rine, ai ba za a zauna haka ba, sai a koma wurin wadda ta ƙona ta, ita kuwa ta miƙo kwalba ta biyu, ta gyara ɓarnar ta farko. Wannan ta biyun ita ce tsohuwar abokiyar gabarmu, man bilicin, wanda Fela Kuti ya yi wa waƙar zambo mai suna Yellow Fever tun 1976, iyayenmu na samari. Abin da ya sake kawai shi ne suna. Budurwar da ta yi boko tana jin kunyar a ce tana shafe-shafe, amma ba ta jin kunyar cewa tana cire tabo, ko tana gyaran fata, ko tana neman launinta na asali, kamar wani ne ya ara bai mayar ba. Ɓare fata zaure ne, bilicin shi ne cikin gida, wadda ta shiga kuwa da wuya ta fito, domin ran da ta daina shafawa, ran nan duhu zai dawo ya ninka na da.

Abubuwa uku ne galibi ke cikin waɗannan mayuka. Akwai haidurokwinon, mai hana ƙwayoyin nan yin launi, wanda in an daɗe ana shafa shi yakan juya ya bar baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a kumatu da ba ya fita. Likitocin Afirka ta Kudu sun bayyana wannan cuta tun 1975, ƙasar kuma ta hana sa shi cikin kayan kwalliya a 1990. Akwai magungunan sitiroyid masu ƙarfi, na cikin 'yan tubob ɗin nan da aka yi domin cututtukan fata, a shafa kwana kaɗan a daina. In aka mai da su man shafawa na kullum, fata takan yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙuraje da makero su samu wurin zama, ciwo ya ƙi warkewa, ɗinkin tiyata ya ƙi kamawa. Maganin kuma yakan ratsa cikin jini ya jawo hawan jini da ciwon sukari. Na ukun ita ce zaiba, wadda ta fi su mugunta, domin ba ta tsayawa a fata: ƙoda take ci, da jijiyoyin ƙwaƙwalwa, da ɗan tayin da ke ciki, tana kuma bin tawul da zanen gado ta kai ga miji da 'ya'yan da ba su taɓa buɗe kwalbar ba. Tun 1972 likitoci a Nairobi suka danganta ciwon ƙodar da suke gani ga 'yan mata da mayukan sa fari masu zaiba.

Ba doka aka rasa ba. Dokar hukumar NAFDAC ta hana zaiba da sitiroyid cikin kayan kwalliya, ta kuma hana haidurokwinon ya wuce kashi 2 cikin ɗari. Nijeriya ta amince da yarjejeniyar Minamata ta 2013 kan zaiba, wadda aka raɗa wa sunan garin Japan da gubar ta halaka mutanensa. A 2023 ƙasashen da ke cikinta suka yarda a kawar da zaiba daga kayan kwalliya gaba ɗaya daga 2025. Ƙasar Kwaddibuwa ta kafa tata dokar a 2015, Ruwanda ta bi a 2018. A watan Fabrairu na 2023 shugabar NAFDAC, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa baki ɗaya. Takardu kam sun cika durowa.

Sai mu koma Jibiya, tun da kowa can yake nuna yatsa. In an yi maganar nan a ɗakin cin abinci, amsar da ke bakin kowa ita ce a tsare iyaka. Wanda ya faɗi haka bai taɓa tsayawa a Magama da rana ba. Layin nan da Ingila da Faransa suka ja a farkon ƙarni na 20 ya raba gida ɗaya ne biyu: Katsinawan da suka bar birni bayan jihadi su ne suka kafa Maraɗi, har yau kuwa sarkinsu Sarkin Katsina ake ce masa. Mutumin Jibiya na da gona a wancan gefe, mutumin Ɗan Isa na da suruki a wannan. Shekaru da dama kayan da aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Kwatano sukan ratso Nijar su sauka Maraɗi, daga nan su gangaro kudu, shi ya sa kwalaben da ke da rubutu ma sau da yawa da Faransanci yake, harshen da mai saye ba ta ji, mai sayarwa ba ta ji. Iyakarmu da Nijar ta kai kimanin kilomita 1,500, mafi yawanta fili ne da gonaki da hanyoyin babur. Buhun shinkafa ana ganinsa daga nesa, jarkar fetur tana wari, amma asid ɗin da zai ƙona fuskoki hamsin yana shiga aljihun riga.

An ma gwada rufewar, mun ga ƙarshenta. A watan Agusta na 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ta Jibiya ba sai Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 a Yamai aka sake rufewa, sai Maris na 2024 Nijeriya ta buɗe nata gefen. Cikin waɗannan shekaru shinkafa ta yi tsada, 'yan dako da direbobi sun zauna ba aiki, garin ya ji jiki. Amma ko sau ɗaya ba mu ji wata a ɗakunan kwananmu ta ce manta ya yanke a kasuwa ba. Dalili kuwa shi ne ba duka ake shigo da shi ba. A kasuwannin Kano akwai masu haɗi da ke zaune da roba da cokali, suna cakuɗa wa kowa gwargwadon hasken da ya nema. A 2025 BBC ta ba da labarin wata uwa a Kano da ta yi ta shafa wa 'ya'yanta shida irin wannan haɗi har fatarsu ta ƙone. Wane kwastan ne zai tsare wannan?

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Kaya ba ya ƙetare iyaka sai da mai jiransa, mai jiran kuwa, 'yan'uwa, mu ne. Ba matar ƙauye da ke surfe ba ce ke sayen man dubban nairori. Ɗaliba ce da kuɗin makarantarta, da ƙaramar ma'aikaciya da albashinta na farko. Akan yawaita kawo ƙididdigar nan da Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga a 2011, cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya na shafa man sa fari. Gaskiya ita ce adadin ya fito ne daga wani bincike na 2002 a kan 'yan kasuwa a Legas, saboda haka bai kamata a ɗora shi a kan ƙasa duka ba, mu ma ba za mu ɗora ba. Amma wa ke bukatar ƙididdiga? Ku dubi gaɓoɓin yatsu a ɗakin lacca, inda fuska fara, hannu baƙi.

Mu maza kuwa, da muka fi kowa iya yi wa 'yan matan nan dariya, mu ne ummul'aba'isin abin. Da bakinmu muke cewa farar mace alkyabbar mata. Da bakinmu muke cewa in dai fara ce a kawo ko mayya ce, muna tafawa. Mu ne muke tsallake baƙa mai hankali mu tsaya wurin wadda ta fi haske, sa'an nan in mun aure ta, fuska ta rine bayan haihuwar fari, mu soma leƙen wata. Mu ne muke cika zauren muhawara da ihun mulkin mallaka, muna kiran sunan Nkrumah da Lumumba, da yamma kuma mu je zance da ma'aunin Bature a aljihu. Wasunmu ma sun daina tsayawa ga kallo, su ma shafawa suke yi a ɓoye, suna cewa sabulu ne ya karɓe su. Har kamfanin Unilever, mai neman riba, ya ji kunya a 2020 ya cire kalmar da ke nufin fari daga sunan mansa Fair & Lovely. Mu da muke da'awar ilmi ba mu ji ba tukuna. Kuma tun da mun yi alkawarin ba ɓoyon cibi: kuɗin gyaran amaryar nan ta Jibiya ango ne ya biya, da saƙon cewa a ɗan ƙara mata haske. Yana da digiri, yana aikin gwamnati.

Za a ce mana jikinta ne, kuɗinta ne, ina ruwanmu. Da wannan magana za ta yi nauyi in da ta san abin da take saye. Amma wadda aka miƙa wa kwalba ba suna, aka ce mata haɗin gargajiya ne na 'ya'yan itace, ba zaɓi ta yi ba, yaudararta aka yi. Jaririn da ke shan nonon mai shafa zaiba kuwa ba wanda ya tambaye shi. Za a kuma ce ai kakanninmu ma suna gyaran amarya. Ƙwarai kuwa. Dilka da halawa da suka zo mana ta Barno daga Sudan, da kurkum, da lalle, da sabulun salo, da man kaɗanya, duk gyara ne, matacciyar fata suke gogewa su bar mai rai ta yi sheƙi da launinta. Ba su taɓa kai amarya asibiti ba, sai yanzu da wasu masu gyaran jiki suka koyi matse tub a cikin dilkar don aiki ya fito da wuri.

Abin da muke nema ba ya bukatar a jira Abuja. Ƙungiyar ɗalibai tana da ikon hana tallar haɗe-haɗen nan a ɗakunan kwana, kamar yadda take hana sauran abubuwan da ke cutarwa, ya kamata kuma ta gayyato likitan fata daga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ya zo da hotuna, a tara maza da mata a zaure ɗaya, kada a ce taron mata ne. 'Yan'uwanmu na sashen kimiyyar sinadarai da na haɗa magunguna, da ke neman abin da za su rubuta a shekarar ƙarshe, ga kwalabe nan a ƙarƙashin gadajen maƙwabtansu. Su auna, su buga sakamakon da Hausa a wannan mujalla. Hukumomi kuwa, in da gaske suke, su san duk wanda ke zuba asid a fuskar mutane ko yake huda ta da allurai aikin likita yake yi, a nemi takardarsa kamar yadda ake neman ta mai kemis. Gargaɗi kuma a yi shi da Hausa a rediyo, domin muryar da aka watsa daga Katsina ana jin ta a Maraɗi ba tare da fasfo ba. Tun 1971 ƙasashen biyu ke da hukumar haɗin gwiwa mai mazauni a Yamai. In tana iya zama kan ruwan koguna da hanyoyin mota, tana iya zama kan wannan.

Ke kuma 'yar'uwa da tabon ƙuraje ke damunki, ba mu ce damuwarki wasa ba ce. Amma mafi yawan irin wannan tabo yana dushewa da kansa cikin watanni in an daina matsa ƙurji, an kāre fuska daga rana, an kuma yi maganin ƙurajen tun daga tushe. Wanda ya ƙi tafiya, likitan fata na da hanyarsa. In kuwa kin riga kin daɗe kina shafa mai sitiroyid a jiki duka, kada ki yanke shi dare ɗaya, domin jiki ya saba da shi, yankewar na iya kwantar da ke; ki ɗauki kwalbar da tub ɗin ki kai wa likita ya gani, ya tsara miki yadda za ki janye a hankali.

Amaryar Jibiya tana ɗakinta. Likita ya ce duhun goshi da kumatu zai ragu a hankali, watakila cikin shekara guda, in ta kiyaye rana. Na wuya kuwa ya riga ya yi tudu, sai dai a yi ta allura ana lallashinsa. Mai gyaran jikin ba ta rufe gidanta ba. Da abokinmu ya koma gida hutun da ya biyo baya, ya tarar an ce sai an kama layi tun wata guda kafin biki, domin amaren bayan Salla sun yi yawa.